An ce ina bakin kamuwa da ciwon suga: me zan ci, kuma sau nawa zan riƙa gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekaruna 47, nauyina kilo 90. An ɗebi jinina a asibiti kafin in karya kumallo, sakamako ya nuna 112, wani gwajin mai suna HbA1c kuma ya nuna 6.0. An ce ban kamu da ciwon suga ba tukuna, amma ina bakin kamuwa. Mahaifiyata tana da shi. Abokai sun ce in bar shinkafa in koma tuwon alkama da acca, na kuma sayi na'urar gwaji ina soka yatsa sau huɗu a rana. Shin abin da nake yi daidai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma ba Hajiya sauƙi. Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba na aƙalla awa 8 aka gwada jininsa, ƙasa da 100 lafiya ce, daga 126 zuwa sama kuwa, idan an maimaita gwajin ya tabbata, shi ne ciwon suga. Naka 112 yana tsakani, kuma idan ka je ɗakin gwajin da ke amfani da wani ma'auni na daban, wato mmol/L maimakon mg/dL, za ka ga an rubuta 6.2, domin da 18 ake rabawa. Shi kuwa HbA1c yana nuna yadda sugan jininka ya kasance a cikin watanni biyu zuwa uku da suka wuce, kuma tsakanin 5.7 da 6.4 ne ake kira bakin kamuwa. Ma'anarsa ita ce jikinka ya fara ƙin jin sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da suga daga jini zuwa tsoka, kuma kitsen da ke taruwa a ciki yana kan gaba cikin abubuwan da ke haddasa haka.

Gado yana ƙara haɗari, amma bai yanke hukunci ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an bi mutane sama da 3,000 masu irin matsayinka na kimanin shekara uku. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, yayin da masu shan maganin metformin ya ragu da kashi 31. A jikinka, kashi 7 ɗin nan kilo shida ne da 'yan kai, kuma ana son ka sauke su sannu a hankali cikin watanni shida ko makamancin haka.

Game da shawarar abokanka, akwai kuskuren da nake yawan gani a wurin marasa lafiya, kuma yana damuna ƙwarai. Alkama, acca, gero, dawa, masara da shinkafa duk hatsi ne, kuma dukkansu suna narkewa su zama suga a jini. Gaskiya ne hatsin da ba a surfe dusarsa ba ya fi farar shinkafa jinkirin narkewa, amma wanda ya bar malmala biyu ta tuwon shinkafa ya koma malmala uku ta tuwon alkama, yana ganin magani yake ci, ya ƙara wa kansa matsala ne. Yawan abin da ka zuba a kwano ya fi sunan hatsin muhimmanci. Ka raba farantinka: rabi ya zama ganye da kayan lambu, irin su kwaɗon zogale ko rama, alayyafo, kabeji, yalo da miyar kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake, kifi, ƙwai ko nama marar kitse, sauran kashi ɗayan shi ne tuwo ko shinkafa, wato malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannunka ba. Wake abokinka ne, don haka idan za a dafa garau-garau a sa wake ya rinjayi shinkafa, alala kuma ta fi ƙosai saboda ba a soya ta.

Sai dai na fi zargin abin da kake sha a kan abin da kake ci, domin na san zaman kasuwa. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da suga kimanin ƙaramin cokali tara, kuma suga mai ruwa ya fi saurin shiga jini ba tare da ya ƙosar ba. Ka haɗa da shayin safe mai madarar gwangwani da burodi, da kunun zaƙi ko zoɓon rana, da furar da aka dama da suga, za ka ga inda sugan yake fitowa. Ka sha fura da nono ba suga a ƙaramin kofi, ka sha zoɓo da citta kawai. Zuma da mazarƙwaila ma suga ne a wurin jini, dabino kuma ɗaya ko biyu ya wadatar, ko da a buɗa-baki ne. Lemon zaƙi da gwaiba ka ci su ɗungurungum maimakon matse ruwansu. Jiƙe-jiƙen ɗaci da ake tallatawa kuwa ban ba ka shawarar dogaro da su ba, domin ba a san abin da ke cikinsu ba, wasu kuma suna cutar da ƙoda da hanta.

Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ita ce ke cika minti 150 ɗin, kuma tattakin minti goma bayan cin abinci yana rage hauhawar suga.

Soka yatsa sau huɗu a rana na masu allurar insulin ne. Kai ba ka buƙatarsa, kuɗi da fargaba kawai yake jawo maka. Tunda ka riga ka sayi na'urar, ka gwada da safe kafin karyawa sau ɗaya ko biyu a mako, wani lokacin kuma awa biyu bayan abincin da kake son sanin tasirinsa, inda ake so ya kasance ƙasa da 140, ka rubuta a littafi. Ka maimaita HbA1c bayan watanni uku zuwa shida, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan jininka AS ne, ko kana da ƙarancin jini, ka shaida wa likitanka, domin waɗannan suna iya karkatar da sakamakon HbA1c, sai a fi dogaro da gwajin safe. Ka riƙa auna ƙugunka daidai cibiya, ana so ya sauka ƙasa da santimita 94, a kuma duba hawan jini da kitsen jini. Idan ka fara jin ƙishirwa mai yawa, kana tashi fitsari sau da dama da dare, ko kana ramewa ba dalili, ko na'urar ta nuna 126 da safe fiye da sau ɗaya, kada ka jira ranar da aka sa maka, ka koma asibiti a makon.