Me Ya Sa Rigakafi Ɗaya Ba Ya Isa? Amsoshi Ga Masu Kiwo A Gombe

Wani mai kiwon kaji daga Kumo ya aiko da tambaya cewa ya ba 'yan tsakinsa rigakafin Lasota, wanda ake yi don cutar Niyukasul, a ruwan sha, bayan kwana biyar cutar Niyukasul ta faɗa musu, yana son ya san ko jabu aka sayar masa.

Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. Mai yiwuwa ne maganin ya lalace, domin zafin rana da ruwan famfo mai kilorin duk suna kashe shi, amma ko da lafiyayye ka ɗauko daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kwana biyar bai isa jikin tsako ya gama shiri ba. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira B, waɗanda ke ƙera sinadaran kariya da ke manne wa ƙwayar cuta. Da farko duk abin da suka iya fitarwa shi ne nau'in IgM, wanda yake da girma, ba ya ratsa sassan jiki sosai, kuma ba ya daɗewa a jini. Kafin ƙwayar B ta koma ƙera mai inganci, sai wata ƙwaya mai suna T ta zo ta manne mata, galibi a saifa, a mutum da shanu kuma har da kaluluwa, ta taɓa wani maƙalli da ke jikinta mai suna CD40, sannan ta zuba mata sinadaran saƙo. Daga nan wani sinadari mai suna AID, wanda Tasuku Honjo da abokan aikinsa suka gano a Kyoto ta Japan a 1999, zai sa a yanke wani yanki na kundin gadon ƙwayar a cire shi, ba kuma a mayar da shi har abada. Abokin gaban da ta gane ba ya canjawa, makamin kawai ake sauyawa.

Saƙon da aka zuba shi ke zaɓen makamin. A jikin mutum wani saƙon yana kai ta ga IgG mai zama a jini, wani ga IgA mai gadin hanci da hanji, wani kuma ga IgE da ke yaƙar tsutsar ciki. Kaza nau'i uku kawai take da su, wato IgM da IgA da IgY, wanda ya tsaya a matsayin IgG. Wannan aiki yana cin kusan mako biyu, shi ya sa ake maimaita rigakafi, domin na biyu yana tarar da ƙwayoyin da suka riga suka sauya, sai su tashi da sauri da yawa. Idan za ka sake ba su rigakafin a ruwan sha, ka janye musu ruwa na awa ɗaya ko biyu, ka dama maganin a ruwan rijiya mai sanyi, ka tabbata sun shanye kafin awa biyu. Ni dai ga tsaki ƙanana na fi son ɗigawa a ido, ko da ya fi wahala, saboda kowane tsako ka san ya samu.

Wata Hajiya daga Bajoga ta ce tun da cutar Gumboro ta taɓa kajinta suna ƙanana, kowane rigakafi ta yi musu kamar ta zuba ruwa a kwando.

Hajiya, abin da kika lura da shi gaskiya ne. A saman duburar kaza ta ciki akwai wata 'yar jaka da ake kira bursa, a nan ƙwayoyin B suke girma, daga sunanta ma aka samo harafin nasu. Gumboro wannan jakar take ci, kuma idan ta kama tsako kafin mako uku, ɓarnar kan zauna. Idan an fiɗe wadda ta mutu za ki ga jakar ta kumbura, wani lokaci da ɗigon jini, daga baya ta motse. Ki kula da lokacin rigakafin Gumboro a garke na gaba, ki kuma daina ba su masara ko gyaɗa mai fumfuna, domin gubarta ma tana raunana garkuwar jiki.

Daga Dukku kuma wani makiyayi ya tambaya ko laifi ne a tatse dakashi a ba maraƙi madara daga baya.

Laifi ne babba, Malam. Jaririn mutum yana samun IgG daga uwa ta mabiyiya tun yana ciki, amma na saniya da akuya da tunkiya ba ya samun kusan komai sai ta dakashi. Hanjinsa yana tsotse wannan kariya sosai a awa shida na farko, bayan awa 24 kuma ƙofar ta rufe. Idan maraƙi ya kasa tashi, a tatso dakashin da ɗuminsa a ɗaga masa kai a ba shi kaɗan-kaɗan.