Da gaske Luther ya ƙone hotuna?

Tambaya: Malam, ina koyar da yara a makarantar Lahadi da wani littafi mai zanen labaran Yesu. Wani mai wa'azi ya ce bautar gumaka nake koya musu, wai Martin Luther ma ƙone hotuna ya yi. Hankalina ya tashi ƙwarai. In yar da littafin ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, kada ki yar da komai. Na gaji da jin wannan magana. Kusan kowane mako sai an kawo mini ita, kuma kullum daga bakin masu wa'azin da ba su taɓa buɗe littafin tarihin ikilisiya ba, sai tsoratar da mata da yara.

A farkon 1522, Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, yana ɓoye a gidan sarauta na Wartburg, abokin aikinsa Karlstadt ya dage a fitar da siffofi daga majami'un Wittenberg, garin da Luther yake koyarwa, jama'a suka shiga farfasawa. Luther ya dawo a watan Maris, ya yi kwana takwas a jere yana wa'azi yana tsawata musu. A wurinsa, abin da aka hana shi ne yi wa siffa sujada da dogara gare ta.

A Satumbar shekarar nan Sabon Alkawarin da ya fassara da Jamusanci ya fito, da zane 21 a cikin Ru'ya ta Yohanna, aikin shagon amininsa mai zane Lucas Cranach. Ana sassaƙa zanen a allon katako, a bar layukan a tsaye, a shafa tawada, a danna takarda kamar hatimi, allo ɗaya ya fitar da ɗaruruwa. Tun 1521 Cranach ya yi wa wata ƙasidar ɓangaren Luther zane bibbiyu har 13: nan Yesu ya durƙusa yana wanke ƙafafun almajirai, can ana sumbatar ƙafar Paparoma. Manomin da bai san "a" ba ya duba ya gane. Wasu zane-zanen lokacin sun wuce gona da iri wajen cin mutunci, ba na yabonsu, amma Luther da ya mai da hoto makaminsa, ta yaya za a ce ya haramta shi?

Waɗanda suka kwashe siffofi akwai su: a birnin Zurich na ƙasar Switzerland, zamanin Zwingli, jagoran gyaran ikilisiya a can, an yi haka a 1524. Mai wa'azinki ya haɗa Luther da Zwingli ya mai da su ɗaya.

Ki ci gaba da darasinki. Ki dai faɗa wa yaran ba wanda ya san kamannin fuskar Yesu, kuma in kin ga yaro yana sa hoton ƙarƙashin matashi kamar laya, ki zaunar da shi ki yi masa bayani.