Amsa ga ɗan uwan da ya tambayi manhajar sayen hannun jari

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, cewa ka sayar da riɗinka ka ware dubu 300 kana so ka saka a hannun jari ta waya, wai wace manhaja ce tafi arhar caji. Netwok ne ya hanani amsawa, mu nan ƙauyenmu ta wajen Ringim sai ka fita bakin titi yake kamawa sosai. Toh bari in faɗa maka abinda na sani, nima malamin firamare ne mai ɗan noma irinka, shekarata biyar kenan ina saye ta waya.

Gaskiya maganar arha ka ajiyeta gefe tukuna, ba ita bace ta farko. Abu na farko shine wa ke riƙe da hannun jarin naka, kuma da sunan wa aka rubuta shi. Wannan na koyeshi ne ta hanya mai ɗaci. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya sayi hannun jari wajen 2007, lokacin da kowa ke rububin saye kafin kasuwa ta faɗi a 2008, wani ejan ne yazo har gida ya cike musu fom. Bayan rasuwarsa muka sami satifiket guda uku a ƙasan akwatinsa cikin ledar da yake ajiye takardun gona, duk sunyi ja. Da muka bi, ashe sunan da ke jiki an juya shi, sunan uba a gaba nasa a baya, ga rubutun ma ba ɗaya bane da na banki, adireshin kuma na wani shago ne a Kano da ya daɗe da tashi, shiyasa duk shekarun nan ko takardar riba ɗaya bata iso shi ba. Wallahi sai da nayi zuwa Kano sau huɗu, ga takardar rantsuwa ta kotu, ga takardar gado, kowane zuwa kuɗin mota da wuni guda, kafin kuɗin suka fara fitowa. Har yanzu in na tuna tsohon nan ya rasu yana zaton kuɗinsa sun nutse alhali suna nan a ajiye, abin yana taɓa min zuciya.

Saboda haka kafin ka tura ko naira ɗaya, ka shiga shafin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, sec.gov.ng, akwai jerin kamfanonin da ke da rajista, ka rubuta sunan kamfanin da kanka ka gani. Kada ka yarda da hoton satifiket da wani zai turo maka a WhatsApp, wannan kowa zai iya haɗawa. Sannan wasu manhajojin ba su ne dillalan ba, suna bi ne ta hannun wani dillali mai lasisi, to ka tambayesu wane ne shi, shima ka duba shi.

Na biyu kuma wanda nafi damuwa dashi, lambar CHN, wato lambar shaidarka ta mai hannun jari. Duk hannun jarin da ake cinikinsa a NGX, kasuwar hannun jari ta Legas, ana ajiye shi ne a wajen CSCS, su ne kamar rumbun, dillali kawai mai kai ka kasuwa ne. In aka buɗe maka asusu yadda ya kamata za a baka lambar CHN taka ta kanka da lambar asusun CSCS da sunanka. Amfaninta shine ko dillalin ya rufe gobe, ko kun saɓa, kayanka na nan da sunanka, sai ka mayar dasu wajen wani dillalin. Na taɓa amfani da wata manhaja, bazan kama suna ba, tayi kyau sosai ga sauƙi, na saka dubu 40, bayan wata biyu na nemi lambar CHN ɗina akai ta min yawo da hankali, daga baya na gane duk a asusu ɗaya na kamfani suke tara na kowa. Ban ce cuta sukayi ba, kuɗina sun fito daidai, amma hankalina bai kwanta ba sai na sayar na fice. Kuma dan Allah sunanka na BVN da NIN da na asusun banki su zama iri ɗaya harafi da harafi, in akwai bambanci ka gyara tun yanzu.

Yanzu batun cajin da ka tambaya. Kwamishan dillali baya wuce kashi 1.35 cikin 100, nan ne kawai suke iya ragewa. Sauran kuwa, kuɗin SEC, na NGX, na CSCS, harajin hatimi da VAT, duk inda kaje sai ka biya. In ka haɗa, saye yana cin kusan kashi 2 cikin 100, sayarwa tafi haka kaɗan. Kaga kenan a dubu 300 ɗinka ko dillali ya rage maka rabin kwamishan ɗinsa abinda ka tsira dashi wajen dubu biyu ne, bai kai ka ɗauki kasada saboda shi ba. Wanda caji ke cinyewa shine mai saye yau ya sayar jibi, kowane shiga da fita kusan kashi 4 ya tafi. Ni ina saye ne in manta, kamar mai ajiyar gero tun kaka.

Sunayen da zaka ji ana ambata akwai Meristem, Stanbic IBTC, CardinalStone, Afrinvest, sai irinsu Bamboo da Trove da Chaka da aka fi saninsu da hannun jarin Amurka. Ba talla nake ba, kowanne ka auna shi da abinda na faɗa. Na Amurkan ni shawarata ka dakata dashi, akwai asarar canjin dala wajen shiga da fita, kuma ribar da kamfanonin can ke rabawa ana cire kashi 30 na haraji, namu na gida kashi 10 ne.

Ka fara da dubu 10 ko 20, ka saya, ka jira sati biyu, ka sayar da wani abu ka cire kuɗin zuwa bankinka ka ga kwana nawa zai ɗauka, ka kuma kira lambarsu ka ji ko mutum zai ɗauka, domin mu da muke nesa da ofis waya ce kawai gatanmu. Ka tambayesu tsarin da kuɗin sayarwa ke faɗawa kai tsaye asusun bankinka. Ka kuma cike fom ɗin e-dividend na masu rajista, wato masu riƙe sunayen masu hannun jarin kowane kamfani da ka saya, shine zaisa ribar ta shigo maka ta alat.

Batun halacci kuwa nasan zai zo maka. Akwai jerin Lotus Islamic Index a NGX, jerin hannun jarin da aka tantance aka fitar da kamfanonin giya da bankunan ruwa, daga nan nake fara dubawa, sannan bankin Musulunci na Jaiz na kasuwa tun 2017, ga Sukuk, takardar zuba jari mara ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara a shekarar, wanda ake gina hanyoyi dashi. In manhaja tace zata ranta maka kuɗi ka ƙara saye kada ka karɓa, ruwa ne a ciki. Duk wanda kuma yace maka riba tabbas kashi kaza duk wata, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025 da suka nutse da kuɗin mutane, hannun jari na gaskiya yana hawa yana sauka.

Kada ka taɓa kuɗin takin bana fa, ka cire shi gefe tukuna. In ka zaɓi manhaja guda biyu ka turo sunayen nan, in na fita bakin titi da yamma sai mu duba rajistarsu tare.