Shin motsa jiki don rage damuwa raunin tawakkali ne?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Idan bashi da cinikin da ba ya tafiya suka cika mini kai, nakan fita gudu bayan Asuba, sai in ji ƙirjina ya sake. Wani abokina ya ce wannan raunin tawakkali ne, wai mumini da zikiri kaɗai yake maganin damuwa. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, abin da kake yi halal ne, kuma idan ka haɗa shi da niyyar samun ƙarfin ibada da neman halali, akwai lada a ciki.

Zikiri magani ne, Allah ya faɗa a Suratur Ra'ad, aya ta 28. Amma kalmar "kaɗai" da abokinka ya ƙara ba ta da dalili. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan aka yi rasuwa a dangin Nana A'isha, bayan mata sun watse takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce a sha, domin ta ji Annabi (SAW) ya ce tana sanyaya zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ka ga nan baƙin ciki a zuciya yake, amma ta ciki aka bi masa. Haka hadisin Abu Zarri a Abu Dawud: mai fushi idan yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Shi kansa Annabi ya yi tseren gudu da A'isha har sau biyu, ta tsere masa a farko, ya rama daga baya. Wa zai ce tawakkalinsa ne ya yi rauni?

Sai dai ka kiyaye al'aura. Ka guji gajeren wando da ke bayyana cinya, wanda samari suka mayar ado, domin a mazhabar Malikiyya da mafi yawan malamai cinyar namiji al'aura ce. Kada kuma gudun ya cinye azkar ɗin safe. Ka gama su sannan ka ɗaura takalmi, ko ka tafi kana yi.

Idan damuwar ta kai ga hana barci da cin abinci na makonni, ko tunanin cutar da kai, gudu bai wadatar ba, wajibi ne ka ga likita.

Wallahu a'alam.