Man licorice yana goge tabo, amma ba a sati ɗaya ba

'Yar uwa, kin tambaya ko man da aka haɗa da licorice yana goge tabon ƙuraje, ko kuwa shi ma bilicin ne aka sauya wa suna. Na kusa shekara biyu ina shafa shi.

Licorice saiwa ce mai zaƙi, ita ce Larabawa ke kira irƙus-sus, a Masar ma jiƙa ta suke yi su sha da azumi. Cikinta akwai sinadarin glabridin, shi ke rage wa fata saurin samar da melanin, wato abin da ke sa gurbin ƙurji ya yi baƙi bayan ya warke. Tana kuma kwantar da ƙaiƙayi da zafin fata. Launin da Allah ya ba ki dai yana nan, tabon ne ke dusashewa a hankali.

Bayan haihuwata ta biyu kumatuna suka yi duhu kamar an goga gawayi. Sai da na yi wata biyu ina shafawa safe da dare kafin na ga bambanci, shi ma sai da na haɗa da man kariya daga rana mai SPF 30. In ba ki shafa wannan, ranar garinmu za ta mayar miki da aiki baya.

Inda na ƙone shi ne wani haɗi da na saya wurin wata mai kayan gyaran jiki, roba ba rubutu, ta ce zallar licorice ne. Kwana goma fuskata ta yi fes, har ana tambayata. Da na daina sai ƙuraje suka feso, fatar tana raɗaɗi ko ruwa ya taɓa ta. Likitar fata ta ce alamar an sa steroid ne a haɗin, wani magani mai ƙarfi da ake zubawa a man bilicin. Saiwar ba ta wannan saurin. In za ki saya, ki duba lambar NAFDAC, ki nemi Glycyrrhiza glabra, sunan licorice a kimiyyance, a jerin kayan haɗin, ki fara gwadawa a bayan kunne kwana biyu.

Shafawa daban, sha daban. Yawan shanta yana ta da hawan jini, yana rage potassium, sinadarin da zuciya ke buƙata, a jiki. Mai ciki ko mai hawan jini kada ta jiƙa ta sha wai don fata ta yi kyau daga ciki.