Ina labarin siliman da ake kallo daga cikin mota?

Tambaya: Malam, an ce a da akwai silima a bayan garuruwan Amurka wadda ake kallo daga cikin mota. Yaya ta faro, kuma me ya kashe kasuwarta?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Richard Hollingshead ne ya buɗe irinta ta farko da ta shahara a Jihar New Jersey ranar 6 ga Yunin 1933. Zuwa 1958 sun haura 4,000, yawanci a bayan gari inda fili ke da araha. Da magariba motoci ke jeruwa a gaban wani katafaren farin allo, kowane direba ya ciro ƙaramar lasifika daga jikin turken ƙarfe ya rataya ta a tagarsa, yara kuwa, da kayan barcinsu a jiki, su yi ta kallo a kujerar baya har barci ya kwashe su. A ganina, wannan sakewar ta iyali ce jama'a suka fi kewa.

Da gari ya faɗaɗa ya cim musu, sai filayen suka yi tsada, masu su suka sayar, aka gina kantuna da gidaje. Ga talabijin da bidiyo sun zaunar da mutane a gida, sannan tura agogo gaba da awa ɗaya lokacin zafi ya jinkirta fara fim, tunda sai duhu ya yi ake ganin hoto. Yau kusan 300 kacal suka rage.