Ɗan shamuwa ya faɗo daga sheƙa, yara sun ce sai sun kiwata shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a ba ni shawara. Jiya da aka yi iskar nan mai ƙarfi wani ɗan shamuwa ya faɗo daga tsamiyar ƙofar gidanmu, ko gashi bai gama yi ba, yarana suka tsinto shi suka sa a kwali suna ta ba shi gero da ruwa a cokali amma ya ƙi ci, sai buɗe baki kawai yake yi. Maƙwabciyata ta ce tunda hannun mutum ya taɓa shi uwar ba za ta karɓe shi ba, wai warin mutum. Ya zan yi?
Wata uwa daga Gumel

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Maganar maƙwabciyar taki ba haka take ba, tsuntsu ba ya gudun ɗansa don an taɓa shi. A samo saurayi da tsani yau ɗin nan ya mayar da shi sheƙa, ya ajiye ya sauko da wuri, kar a tara yara a gindin bishiyar ana ihu.

Kuma dan Allah a daina ɗura masa ruwa, sarƙe shi zai yi ya tafi huhu. Gero ma ai ba cimarsa ba ce, shamuwa fara take ci da tsutsa da kwaɗi, ita da mijin su haɗiyo su zo su amayo wa 'ya'yan a cikin sheƙa, toh kin ga wannan aikin ba na kwali ba ne.

Tsuntsuwar nan fa tafiya ta sha, can kudancin Afirka take yin ranin mu, wajen su Zambiya da Zimbabuwe, sai bazara wajen watan 4 zuwa 5 ta dawo ta yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta musu kusan kwana 30, 'ya'yan kuma sai sun kusa wata biyu kafin su tashi. Shi ya sa tsofaffi in sun gan ta suke cewa a gyara gona, kuma mu dai da muna yara duk ƙiriniyarmu da danƙo ba mai harbin shamuwa, dukan da za ka sha ma ya ishe ka.

Haka abin yake in an je sharar gona aka ga ɗan zomon daji ko ɗan barewa kwance shiru cikin ciyawa, ba maraya ba ne, uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo, a bar shi a nan. Su kuma yaran ki ce su riƙa leƙen ɗan shamuwar daga ƙofar gida har ranar da zai tashi.